Kafin Ka Sayi Wayar Intanet Duba Kwalinta: Yadda Dokar Kayan Gini Ta Shafi Masallatanmu Da Shagunanmu

Bayan ƙaramar Sallar da ta gabata ne kwamitin zauren al'ummarmu da ke kudancin birnin Landan ya yanke shawarar cewa lokaci ya yi da za a sanya kyamarorin tsaro da intanet a ginin da muke salla a ƙasa, yara kuma suke karatun Islamiyya a sama ranakun Asabar da Lahadi. Kasancewar ni nake riƙe da shugabancin matasa, sai dattawa suka ɗora mini alhakin sayo kayan aikin, tare da tattaro samarin da za su taimaka wajen jan waya domin a rage kuɗin aiki. Kuɗin kuwa na jama'a ne, karo-karo aka yi ta yi bayan sallar Juma'a har na tsawon makonni kafin su taru.

Na shiga intanet na yi ta cigiya har na yi kiciɓis da wata waya mai araha, kowane kwali mita 305, an rubuta Cat6 ɓaro-ɓaro a jikinsa, a gefe kuma an rubuta CCA. Da ma na taɓa jin wani abokina da ke aikin gine-gine yana cewa yanzu a ƙasar nan waya mai "Cca" ake nema a cikin gini. Sai na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sayi kwali huɗu, ina ta murna na yi wa jama'a tattali.

Ranar da za mu fara aiki, wani dattijo daga cikinmu wanda ya shafe shekaru masu yawa yana aikin lantarki a ƙasar nan kafin ya yi ritaya ya leƙo domin ya sa mana albarka. Ya zaro wuƙar aljihunsa, ya feɗe bakin wayar, ya kankare sili guda daga cikin takwas ɗin da ke ciki. Jan da ke sama ya tafi, fari ya bayyana. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan ai sanholo ne aka yi wa wankan jan ƙarfe." Daga nan ya yi ta juya kwalin ta kowace fuska yana neman wata alama, bai same ta ba. Na ce, "Baba, ai ga CCA nan a rubuce." Ya yi murmushi ya ce in samo kujera, domin maganar ba ta tsaye ba ce.

Abin da na koya a wannan rana da kuma kwanakin da suka biyo baya shi nake son in isar wa mai karatu, musamman 'yan kwamitin masallatai, masu shagunan kayan abinci da na aski da na aika kuɗi, da kuma matasanmu da suka rungumi sana'ar sanya kyamara da intanet, waɗanda suke ta ƙaruwa a 'yan shekarun nan.

A da, idan mutum zai sayi wayar haɗa kwamfutoci, tambaya ɗaya yake yi: nawa ne gudunta? Amsar tana cikin rubutun nan da ke farawa da Cat. Cat5e tana ɗaukar gigabit ɗaya, Cat6 ta ɗan fi ta, Cat6A kuma tana iya ɗaukar gigabit 10, kuma dukkansu ƙa'idar ita ce kada layi guda ya wuce mita 100, wato mita 90 a cikin bango ko silin, sauran 10 kuma na gajerun wayoyin da ake jonawa a na'ura. Wannan ƙa'ida tana nan ba ta canza ba. Abin da ya ƙaru shi ne tambaya ta biyu, wadda ba masana kwamfuta suka kawo ta ba, masu dokar gini ne: idan gobara ta tashi, me wannan waya za ta yi?

Tarayyar Turai tana da wata doka mai lamba 305/2011 wadda ta shafi duk kayan da ake sanyawa a jikin gini su zauna dindindin, irin su siminti, ƙofa, gilashi da makamantansu. Daga ranar 1 ga Yulin 2017 sai aka wajabta ta a kan wayoyi, na lantarki ne ko na sadarwa, na jan ƙarfe ne ko na zaren gilashi. A lokacin Birtaniya tana cikin Tarayyar, don haka dokar ta hau kanmu kai tsaye. Ma'ana dai, tun daga wannan rana wayar intanet ɗin da za a binne a bango ko a shimfiɗa a saman silin ta tashi daga sahun kayan kwamfuta kawai, ta shiga sahun kayan gini. Duk kamfanin da zai fito da ita kasuwa dole ne a gwada ta da wuta bisa ƙa'idar EN 50575, a ba ta mataki, ya rubuta matakin a jikin kwali ko ƙurar da aka naɗe ta, tare da alamar CE da lambar takardar da ake kira DoP, wadda a cikinta kamfanin yake ɗaukar alhakin abin da ya faɗa game da kayansa. Waɗannan su ne alamomin da dattijon nan ya nema a kwalina ya rasa.

Da yawa daga cikinmu suna zaton gobarar benen Grenfell ce ta haifar da wannan doka, saboda kwanaki 17 ne kawai tsakaninsu. Ba haka ba ne, an riga an tsayar da ranar tun kafin nan. Amma duk wanda yake Landan a daren 14 ga Yunin 2017, cikin watan azumi, ba zai manta da yadda mutane 72 suka rasa rayukansu ba, da yawansu Musulmi 'yan uwanmu. Wutar daga firiji ta tashi, kuma rufin da aka lulluɓe jikin benen da shi ne ya yaɗa ta, ba waya ba. Sai dai tun daga lokacin hukumomi da kamfanonin inshora suka daina ɗaukar maganar kayan gini da wasa, kuma wannan tsananin ya iso har kan waya.

Me ya sa ake tsoron waya?

Mai karatu zai iya cewa, wayar da ba ta ɗauke da wutar da za ta ja mutum, ina ruwanta da gobara? Nima haka na tambaya. Amsar ita ce ba ƙarfen da ke ciki ake tsoro ba, rigar robar da ke lulluɓe da shi ake tsoro. Waya ɗaya ba komai ba ce, amma ka ɗaga allon silin na kowane ofis ko makaranta ka leƙa, za ka ga damin wayoyi sun bi ta kan kowane ɗaki, sun huda bango, sun haura bene. Wato an shimfiɗa wa wuta hanya ke nan daga wannan ɗaki zuwa wancan, a wurin da ido ba ya gani.

Robar da aka fi amfani da ita shekara da shekaru ita ce PVC. Idan ta kama wuta tana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri, tare da wata iska wadda da zarar ta haɗu da danshi sai ta zama asid. Danshin kuwa yana cikin idon mutum da maƙogwaronsa da huhunsa. Galibin waɗanda ke mutuwa a gobarar cikin gini hayaƙi ne yake kashe su kafin harshen wuta ya kai gare su. A ranar 11 ga Afrilun 1996 masu walda sun jawo gobara a filin jirgin saman Dusseldorf na ƙasar Jamus, wuta ta bi ta cikin silin inda akwai kayan tare sanyi da wayoyi masu rigar PVC, mutane 17 suka mutu, akasarinsu saboda hayaƙi. Tun kafin nan, a watan Fabrairun 1975, wata cibiyar tarho a birnin Niyu Yok na Amurka ta ƙone na sa'o'i masu yawa, abin da wutar ta ci kuwa galibi rigar wayoyi ce, kuma layukan tarho fiye da 170,000 suka mutu.

Saboda haka matakan da dokar ta tsara duk a kan wannan suke. Guda bakwai ne: Aca, B1ca, B2ca, Cca, Dca, Eca da Fca. Ƙananan haruffan "ca" suna nufin kebul ne kawai. Aca ita ce wadda ba ta cin wuta sam, kuma wayar intanet mai rigar roba ba ta kaiwa can. Fca ita ce ta ƙarshe, wadda ta kasa cin ko da gwajin farko. Gwajin Eca mai sauƙi ne: a tsayar da waya guda, a kunna mata ɗan harshen wuta, a ga ko ƙunar za ta wuce milimita 425. Daga Dca zuwa sama kuwa gwajin na gaske ne. Ana ɗaure damin wayoyi a jikin wani tsani a cikin ɗakin gwaji, a sakar musu wuta na minti 20, ana auna zafin da suke fitarwa da hayaƙinsu. Kafin waya ta samu Cca dole ne wutar ta kasa haura mita 2 a jikin tsanin, B2ca kuma mita 1.5.

Akwai kuma wasu haruffa uku da ke biyo baya, waɗanda a ganina su ne suka fi shafar mai salla a cikin cunkoso. Harafin s na hayaƙi ne, daga s1 mafi ƙaranci zuwa s3. Harafin d na ɗigar narkakkiyar roba mai wuta ne, d0 babu ɗiga, d2 kuma ba a yi alkawarin komai ba. Harafin a na asid ne, a1 ya fi kyau, a3 ya fi muni. To idan ka ga an rubuta Cca-s1b,d1,a1 a jikin kwali, ba lambar waya ba ce, bayanin halinta ne a gaban wuta.

Wani abin lura shi ne wanda yake tabbatar da maganar. A matakin Fca kamfani da kansa yake faɗar abin da ya ga dama. A Eca da Dca wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ne yake gwada samfuri. Amma daga Cca zuwa sama, hukumar da aka amince da ita tana zuwa har masana'anta, ta duba yadda ake aiki, ta riƙa dawowa tana ɗibar samfuri lokaci zuwa lokaci. Wannan na cikin dalilan da suka sa Cca ta fi tsada, kuma shi ya sa mai sayar da jabu ba ya iya nuna maka takardarta.

Ita dokar Turai ba ta ce ga matakin da za a sa a masallaci ko asibiti ba. Ta ce dai a gwada, a rubuta gaskiya, sannan ta bar wa kowace ƙasa ta zaɓi abin da take so a gine-ginenta. A nan Birtaniya, hukumar tsara ƙa'idoji ta BSI ce ta cike giɓin. A ƙarshen 2017 ta yi wa ƙa'idar wayoyin sadarwa mai lamba BS 6701 gyara, inda ta ce duk sabon aiki, ko gyara, ko faɗaɗa tsohon aiki a cikin gini, wayar da za a shimfiɗa kada ta gaza Cca-s1b,d2,a2. A nan ne dokar gini ta shigo cikin ƙa'idar sadarwa sosai. Mai aikin da a da ruwansa kawai na'urar gwaji ta nuna masa layi yana gudu, yanzu sai ya iya karanta waɗannan haruffa.

Gaskiya ita ce BS 6701 ba dokar majalisa ba ce, babu ɗan sandan da zai kama ka saboda ka sa Eca a shagonka. Amma kada wannan ya ruɗe mu. Ita ce ake rubutawa a takardun kwangila, ita masu binciken gini suke dubawa, kuma idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ita za a ɗauko a auna aikinka da ita. Ni a ra'ayina ma ƙa'idar ta yi sassauci da ta amince da d2, domin narkakkiyar roba mai ɗiga daga silin a kan kafet ɗin masallaci ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya samu d1 ko d0 a kan farashin da zai iya, ya ɗauka.

Canjin ya taɓa ita kanta wayar. Domin su kai matakin Cca, kamfanoni sun sake haɗin robar, wasu sun ƙara mata kauri, wasu sun sa wani ƙyalle na tare wuta a ciki. Sakamakon haka sau da yawa wayar ta fi kauri, ta fi tauri, ba ta lanƙwasuwa da sauƙi, kuma bututun da a da yake ɗaukar wayoyi da yawa yanzu kaɗan yake ɗauka. Matasanmu masu wannan sana'a su lura da wannan tun wajen yin lissafin kuɗin aiki, kada su yi alkawari da farashin da ya shuɗe su zo suna jin kunya.

Akwai kuma wani kuskure da ya yaɗu. Mutane suna ganin an rubuta LSZH, wato roba mai ƙarancin hayaƙi wadda ba ta da sinadarin da ke zama asid, sai su ɗauka magana ta ƙare. LSZH sunan irin robar ne, ba sakamakon gwaji ba ne. Akwai wayoyin LSZH da yawa a kasuwa da matakinsu bai wuce Dca ko Eca ba. Mataki za ka nema, ba sunan roba ba.

Tsakanin CCA da Cca

Mu dawo kan kwalayena huɗu. CCA da manyan haruffa ba ta da wata alaƙa da gwajin wuta. Taƙaitawa ce ta Turanci da ke nufin alminiyam, wato sanholo, da aka lulluɓe da siririn jan ƙarfe. Ƙa'idojin wayar sadarwa na Turai da na Amurka da na duniya duka jan ƙarfe zalla suka sani, don haka wayar CCA ba ta cancanci a kira ta Cat5e ko Cat6 ba, ko da an buga hakan a jikinta da manyan baƙaƙe. Haruffa uku ne iri ɗaya, ɗaya shaidar inganci, ɗaya shaidar ha'inci, kuma ban yi tsammanin ni kaɗai ne na taɓa faɗawa wannan rami ba.

Illar sanholo ita ce wuta ba ta ratsa shi da sauƙi kamar jan ƙarfe, turjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Yana kuma da saurin karyewa a wurin jonawa. A da, lokacin da saƙo kawai waya take ɗauka, illar ba ta wuce intanet ya riƙa yankewa ba. Yanzu kuwa kyamarorin tsaro, na'urorin Wi-Fi da ake mannawa a silin, tarhon ofis, har da wasu fitilu, duk ta cikin wannan wayar suke shan wutarsu. Ƙa'idar farko ta wannan tsari a 2003 wat 15.4 ta yarda a tura, a 2009 aka kai 30, a 2018 kuma aka kai har 90. Duk inda wuta ta gamu da turjiya zafi take haifarwa, kuma wayar da ke tsakiyar dami ba ta da inda za ta fitar da zafin. To ka haɗa sanholo mai ɗumama da rigar robar da ba wanda ya gwada, ka kwantar da su a saman silin ɗin da yara suke karatu a ƙarƙashinsa. Abin da na kusa yi ke nan da kuɗin jama'a.

Gane ta ba wuya. Kankare sili guda da wuƙa kamar yadda dattijon nan ya yi. Ɗaga kwalin ka ji, na sanholo ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan farashin da ya yi arha fiye da hankali shi ma shaida ne, domin jan ƙarfe yana da kuɗinsa a kasuwar duniya, ba wanda zai sayar maka da shi a ƙasa da haka don yana ƙaunarka.

Bayan waya sai abin da ya riƙe ta. Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa ni. A ranar 2 ga Fabrairun 2005 gobara ta tashi a benen Harrow Court da ke garin Stevenage, 'yan kwana-kwana biyu da wata mazauniyar gidan suka mutu, kuma bincike ya nuna cewa wayoyin da suka zubo bayan kwararon robar da ke riƙe da su ya narke sun sarƙe ɗaya daga cikin ma'aikatan. A ranar 6 ga Afrilun 2010 aka sake samun irin haka a benen Shirley Towers da ke Southampton, inda 'yan kwana-kwana biyu suka rasu. Mutum yana cikin hayaƙi ba ya ganin tafin hannunsa, ga tukunyar iska a bayansa, sai wayoyi su zubo masa kamar tarun kamun kifi.

Saboda haka aka gyara littafin ƙa'idojin aikin lantarki na ƙasar nan, BS 7671. A 2015 aka ce dole a ɗaure wayoyin da ke kan hanyar tsira yadda ba za su zubo da wuri ba idan wuta ta kama. A bugu na 18, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2019, aka faɗaɗa wannan zuwa ko'ina a cikin gini, kuma ya haɗa da wayar intanet da ta kyamara. Ba a hana amfani da kwararon roba ko maɗaurin roba ba, amma ba za su zama su kaɗai ne ke ɗauke da waya ba, sai an sa maƙalan ƙarfe a tsakani. Ka shiga shagunanmu da yawa ka ɗaga kai, za ka ga wayar kyamara ta bi saman ƙofar fita, ba abin da ya riƙe ta sai 'yan ƙusoshi masu kan roba, wani wurin ma salatif ne. Maƙalan ƙarfen nan kuwa ba su da wata tsada.

Haka nan duk ramin da aka huda a bangon da aka gina domin tare wuta, dole a toshe shi da abin toshiya na musamman bayan an wuce da waya, ba da tsumma ko takarda ba. Baƙar wayar da ake ja a waje kuma, wadda aka yi domin jure ruwa da rana, galibi Fca ce, don haka ba a yawo da ita a cikin gini. Ƙa'ida ita ce a tsayar da ita cikin mita 2 daga inda ta shigo, ko a saka ta a bututun da ke tare wuta.

Kada kuma hankalin jama'a ya tashi. Ba a ce a farke wayoyin da aka sa kafin 2017 ba, maganar a kan sabon aiki ne da faɗaɗawa. Gajerun wayoyin da ake jona kwamfuta da su a bango ma ba sa cikin wannan doka, domin ba a jikin gini suke zaune ba.

Wani zai ce ai mun fita daga Tarayyar Turai, me ya rage? Da Birtaniya ta kammala ficewa a ƙarshen 2020, ta kwafe dokar ta mayar da ita tata, ta kuma fito da alamarta ta UKCA. An sha sa ranar da za a daina karɓar CE a kan kayan gini ana ɗagawa, har a watan Satumban 2024 gwamnati ta sanar cewa za a ci gaba da karɓarta. Don haka ko CE ka gani ko UKCA, duk daidai ne, matakan kuma ba su canza ba. Wanda ba ya da ko ɗaya daga ciki shi ne abin gudu. 'Yan uwanmu da ke Amurka kuwa tsarinsu daban ne, su CMP da CMR za su gani a jikin waya, na farko domin sararin silin da iska ke bi, na biyu domin hawa daga bene zuwa bene. Wanda ya yi odar waya daga can ya sani cewa waɗannan haruffa ba sa maye gurbin matakin da ake nema a nan.

Wa za a tambaya?

Wannan ita ce tambayar da ta sa dattawan kwamitinmu suka gyara zama. A Ingila da Wales akwai dokar kiyaye gobara ta 2005, wadda ta fara aiki a watan Oktoban 2006, kuma ta shafi shaguna, ofisoshi, zaurukan taro da wuraren ibada. Dokar ta ɗora nauyi a kan wanda yake da iko da wurin, wato mai shago, ko mai ɗaukar ma'aikata, ko amintattun masallaci. Shi ne zai tabbatar an binciki haɗarin gobara a ginin, kuma tun daga 1 ga Oktoban 2023 dole ne a rubuta binciken gaba ɗaya komai ƙanƙantar wurin. Wanda aka samu da babban sakaci yana iya fuskantar tara marar iyaka, ko ɗaurin da ya kai shekara biyu. Yaron da ya ja waya a kyauta ranar Asabar zai koma gidansu, sunan Alhaji shugaban kwamiti ne yake cikin takarda.

Mu Hausawa mun saba da yarda da juna, kuma abu ne mai kyau. Ɗan wane ya iya kwamfuta, a kira shi ya yi mana. Amma iya kwamfuta daban, sanin ƙa'idar gini daban. Babu rashin kunya idan shugaban kwamiti ya ce wa mai aiki, ko ɗansa ne, ya kawo kwalin a gani kafin a fara, ya rubuta matakin wayar a takardar farashi, ya kuma miƙa kwafin DoP idan an gama. Kamfanonin kirki suna ajiye wannan takarda a shafinsu na intanet, da lambar da ke jikin kwali ake nemo ta cikin 'yan mintuna. A ɗauki hoton alamar kwalin a ajiye cikin fayil ɗin masallaci tare da takardun inshora, domin kwali yana tafiya bola, waya kuma ta shige silin ba mai sake ganinta.

Ga matasa 'yan uwana kuma, wannan ƙofa ce. Ni sakandare na gama, kuma abin da na rubuta a nan ba a jami'a na koya ba, daga bakin dattijon nan ne da kuma karanta takardun kamfanonin waya. Kwalejojin koyon sana'a suna koyar da aikin, ana kuma ɗaukar almajiran sana'a ana biyansu suna koyo. Wanda ya iya bambanta Cca da CCA, ya san inda ake sa maƙalin ƙarfe, ya riga ya fi da yawa daga cikin masu yawo da tsani a mota.

Wanda ya sayar mini da kwalayen bai amsa saƙonnina ba sai da na kai ƙara wajen masu dandalin, sannan aka dawo da kuɗin, aka ce in riƙe kayan. A zaman kwamiti wani ya kawo shawarar tunda wayar ta zama kyauta, a saka ta a kwantenar da za ta tafi gida, wata makaranta a Kano ko Kumasi za ta amfana. An ɗan yi shiru, sai Liman ya tambaya ko yaran can huhunsu daban yake da na yaran nan. Ba a sake tayar da maganar ba. Dattijon namu ya kwashe kwalayen a motarsa ya kai wurin da ƙaramar hukuma take karɓar tsofaffin kayan lantarki.

Sabuwar wayar da muka saya Cat6 ce ta jan ƙarfe zalla, Cca-s1b,d1,a1, kuma ta ci kuɗi sosai fiye da ta farko, abin da ya sa muka rage yawan kyamarorin da za a sa a wannan karo, muka bar na farfajiyar baya sai an sake karo-karo. An gama jan waya a hawan ƙasa da matakala. Hawan sama, inda azuzuwan yara suke, sai Asabar mai zuwa bayan sallar Azahar in Allah ya kai mu, kuma duk matashin da yake son ya ga yadda ake aikin da idonsa yana iya zuwa, ya taho da safar hannu.